Tukunyar da Auta Ta Ɗauka a Waya

Tun da kamfanin da mijinta yake tuƙa wa motar kaya ya mayar da direbobinsa aikin kwana uku a mako, nauyin ciyar da mutum shida ya koma wuyan Maman 'Yan Biyu. Ga ita, ga maigidan, ga surukarta tsohuwa da ciwon ƙafa ya zaunar, ga 'Yar Fari mai shekara goma sha huɗu, sai tagwayen maza 'yan shekara bakwai, waɗanda ko sun ƙoshi sai sun leƙa tukunya. Ɗaki biyu suke haya a hawa na uku na wani tsohon bene. Kicin ɗin kuwa, in ta ware hannuwa sai ta taɓa bango da bango.

Aikinta guga ne a wani shagon wankin kaya, abin da ake biyanta bai taka kara ya karya ba. Amma ba a taɓa kwana da yunwa a gidan ba, kuma ba wanda ya san yadda take yi.

Ga yadda take yi. In ta tashi daga aiki ƙarfe biyar, ba ta bin ƙofar kasuwa. Ta baya take zagayawa, inda ake sauke kaya, daidai lokacin da 'yan kasuwa ke tattarawa. Akwai wani mai kayan miya da ke ware mata kwando guda: tumatirin da ya fashe, karas da ya karye, ganyen kabeji na waje, albasar da ta fara tsiro. Kyauta yake ba ta, domin in ba ta ɗauka ba sai ya biya masu kwasar shara. Mai kaji yana tara mata wuya da ƙafafu da ƙashin baya, ta ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa. A gidan burodi ta karɓi na jiya. Ta zuba komai a jakar shagonsu, ta rufe da tsohon zanen gado, duk wanda ya gan ta a matakala sai ya ce wanki ta ɗauko.

A gida ta zauna ta yanke ruɓaɓɓen, ta wanke sau uku, ta markaɗa, ta dafa har ya kafe, ta ɗura a kwalabe. Ƙashin kaza sau biyu take tafasa shi: romon farko na shinkafa ne, na biyu na wake. Ɓawon dankali ma ba ta zubarwa, soyawa take da gishiri ya yi ƙaras-ƙaras, tagwaye su yi ta kokawa a kai. Maigidan ya ci ya siɗe hannu ya ce, "Ke dai hannunki akwai albarka." Ita kuwa ta yi murmushi ta kwashe kwanuka.

Wata Asabar ƙanwar mijin ta zo gaida tsohuwa. Ita ce ƙaramarsu, shi ya sa kowa ke ce mata Auta. Mijinta yana da hali, tana da mota, kuma ta daɗe tana ɗaukar bidiyon girki tana sakawa a waya, sai dai masu kallon ba su wuce ƙawayenta ba. Aka zuba mata shinkafa da romo. Ta yi loma biyu ta ajiye cokali.

"Anti, wallahi sai kin faɗa min. Yaya na kuka da aiki, kaya sun yi tsada, amma abincin gidan nan ya fi nawa daɗi. Me kike sakawa?"

Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayarta. Daɗi ya kama Maman 'Yan Biyu, ta ja Auta kicin, ta buɗe mata kwalabe, ta faɗa mata komai cikin raɗa, har da kwandon bayan kasuwa.

Idon Auta ya yi haske. "Anti, mata nawa ne ke cikin halin nan ba su san dabara ba? Ki bari in ɗauka, lada za ki samu. Hannunki kawai zan nuna, ba fuska, ba suna."

"Yayanki fa bai sani ba."

"Haba Anti, hannu ne fa kawai. Wa zai gane hannu?"

Ranar Litinin Auta ta bi ta har bayan kasuwa da waya a hannu, tana ɗage doguwar rigarta kada ta taɓa caɓi. Ta biyo ta gida, ta ɗauki wanki da yanka da tafasa, ta ɗauki lokacin cin abinci. Ta tafi tana ta godiya.

Kwana huɗu bayan haka, Maman 'Yan Biyu tana tsakiyar guge wata riga, abokiyar aikinta ta miƙo mata waya. Sai ga fuskar Maman 'Yan Biyu ta cika gilashin wayar, ta durƙusa gaban kwando, tana shinshina wani tumatir kafin ta jefa a jaka. An ɗora wani kiɗa mai sanyi irin na ban tausayi, muryar Auta tana cewa, "Ku dubi wannan baiwar Allah. Abin da kuke zubarwa, da shi take ciyar da mutum shida." Aka nuna tagwaye suna wawar ɓawon dankali. Aka nuna tsohuwa tana tsotsar ƙafar kaza, an matso da bakinta kusa-kusa. A ƙasa, adadin waɗanda suka kalla yana ta hawa a gaban idonta.

Ba ta ankara ba sai da ta ji ƙaurin rigar.

Kafin a tashi, mai shagon ta kira ta ofis. Ba zancen rigar ba ne. Ta tsayar da bidiyon daidai inda sunan shagon ya fito ɓaro-ɓaro a jikin jakar, ruwan tumatir yana ɗiga ta ƙasa.

"Tun safe mutane ke kirana, wai a jakar da muke kai musu kaya ake kwasar ruɓaɓɓen abinci. Ba don daɗewarki ba da yau kin tafi. Daga gobe ki koma wajen injin wanki a baya, kada wani mai kawo kaya ya ƙara ganin fuskarki."

A gida ta tarar da 'Yar Fari kwance ta juya wa ƙofa baya, ko kayan makaranta ba ta cire ba. 'Yan ajinsu sun zuba mata ɓawon ayaba a jaka, wai ta kai wa mamanta ta yi miya. Maman 'Yan Biyu ta kai hannu za ta dafa ta, yarinyar ta janye kafaɗa.

"Da kin bar mu da yunwar, da ya fi."

Maigidan ya shigo da magariba. Abokan aikinsa ne suka nuna masa a garejin kamfani, suna dariya suna tambayarsa ko a tara masa guntun abincin rana ya tafi da shi. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon tukunyar da ke kan wuta.

"Ashe shara kike ba ni, ina ci ina sa miki albarka."

"Baban 'Yan Biyu, ba shara ba ce. Ina wankewa, ina..."

"Kin nuna wa duniya ban iya ciyar da gidana ba. Uwata ma ba ki bari ba."

"Ƙanwarka ce ta ɗauka. Ta ce hannu kawai."

Tsohuwa ta amsa daga ɗaki. "Kada ki sako min 'ya a ciki. Ita ta kai ki bola? Yarinya ta samu ɗaukaka, sai baƙin ciki."

Ya ce ba zai ci ba. Ta rufe masa nasa ta ajiye. Da safe ta tarar da kwanon wayam, har an siɗe gefe, amma ya fita bai ce mata uffan ba, kuma haka suka yi mako guda.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ta tarar a bayan kasuwa. Motoci ne a jere inda a da sai kurayen 'yan dako da karnuka. Mata masu ƙamshin turare sun yi layi gaban mai kayan miya, kowace da waya a ɗage, wai ana gasar ciyar da iyali da araha. Kwandon nata an rarraba shi a ƙananan ledoji, an ɗaure, an manna farashi. Da ya hango ta sai ya washe baki.

"Ga mai bidiyon nan! Hajiya, kin buɗe mana kasuwa, Allah ya saka."

"Nawa fa?"

Ya sosa ƙeya. "To, kin dai ga yadda abin ya koma. Amma ke zan rage miki."

Wajen mai kaji ma an riga ta. Wata mata ta saye wuya da ƙafafun gaba ɗaya, ta kuma ce a ajiye mata na mako mai zuwa. Matar ta gane ta, ta rungumo kafaɗarta ta ɗauke su hoto ba ta ko tambaya ba.

Mako biyu ana cin shinkafa da mai da gishiri, wake ba romo. Tagwaye suka daina leƙa tukunya, sun san abin da ke ciki. Sai ta ɗauki ƙafa ta tafi gidan Auta.

Ta same ta a kicin, fitilu biyu masu ƙafa sun haske ta, an jera katan-katan na wani kamfanin sinadarin ɗanɗano da ya ɗauke ta talla. Kaji uku ne a kan tebur, 'yar aiki tana zare naman tana turawa gefe, domin ƙashin ake so a nuna.

"Anti! Tauraruwarmu!"

"Auta, ki cire bidiyon nan. Don girman Allah."

"Ai ko na cire ya riga ya zaga, Anti. Kuma na sa hannu da kamfani." Ta kama hannunta ta zaunar da ita. "Ni ban ga abin kunya ba. Mutane yaba miki suke. Kullum tambayata ake, ina baiwar Allah nan? Ki zo mu yi na biyu, ki faɗi halin da kuke ciki da bakinki, in sa a kai miki buhun shinkafa har gida."

Maman 'Yan Biyu ta dubi tulin naman da ke gefe. Ta tuna tagwaye jiya suna lasar gishiri a tafin hannu. Ta ce to.

Sau huɗu aka maimaita. Auta ta ce muryarta ta yi tauri, kamar mai ba da rahoto. Ta ce mayafin ya yi kyau da yawa, ta karɓo na 'yar aiki ta yafa mata. Ta ce ta ambaci Yaya da aikinsa, ta ambaci ciwon tsohuwa. A na huɗu ta ce, "Anti, ko ɗan hawaye babu? Mutane ba za su ji a jikinsu ba." Ta sa aka yanka albasa aka riƙe mata a ƙarƙashin haɓa, inda waya ba ta gani. Hawayen suka zo, kuma da suka zo sai suka ƙi tsayawa. Auta ta ce wannan ya yi, ta kashe fitilu.

Na biyun bai yi kasuwa ba. Mutane sun riga sun koma kan wata mata mai girki da ruwan zafi kaɗai. Direban Auta ya kawo ƙaramin buhu, da leda guda ta sinadarin ɗanɗano, da saƙon cewa kamfani ne bai saki kuɗi ba. Maigidan ya ga na biyun shi ma. Ya ɗauke tabarmarsa ya koma ɗakin tsohuwa, amma shinkafar ya ci ta tare da kowa har ta ƙare.

Motocin bayan kasuwa sun watse kafin wata biyu, sai dai ledojin da farashinsu ba su watse ba. Mai kayan miya ya ɗanɗana riba, ya gwammace ya zubar da ya bayar kyauta.

Da ƙyar ta gano wata kasuwar a can ƙarshen gari, bayan tashar manyan motoci, tafiyar awa guda a ƙafa daga shagon. Can ba wanda ya san ta. Tana rufe rabin fuska da mayafi, ba ta hira da kowa, ba ta zuwa rumfa ɗaya sau biyu a jere. Romo ya dawo tukunya. Ba wanda ya yi tambaya a gidan, ba kuma wanda ya ƙara cewa ya yi daɗi.

Wata Laraba tana hawowa bene da kaya, ƙafafunta sun kumbura, ta tarar da matar hawa na biyu zaune a matakala da goyo. Yarinya ce ƙarama, wata uku da rasuwar mijinta, an ce kayan ɗakinta ma ta fara sayarwa. Ta miƙe da sauri ta gaishe ta, ta rage murya.

"Mama, don Allah ki yi haƙuri. Na ga kamar kin samu wani wurin. Ba zan faɗa wa kowa ba. Tun jiya ruwan zafi da sukari nake ba babban ɗana."

Maman 'Yan Biyu ta dube ta. Ta ga yadda wuyanta ya zurma, ta ga jaririn yana tsotsar bakin zane. Kayan da ke hannunta sun isa gida biyu su ci yau, ta kuma san haka.

"Wane wuri? Ni a ƙofar kasuwa nake saye kamar kowa."

"Mama..."

"Matsa in wuce, na gaji."

Yarinyar ta matsa jikin bango. Maman 'Yan Biyu ta hau sauran matakalar, ta shiga, ta murɗa makulli, sannan ta rufe tagar kicin kafin ta ɗora tukunya, kada ƙamshin ya sauka ƙasa.