Takardar da Jotham Bai Miƙa Ba

Gidaje biyar ne a bayan dutsen Wendover, a jihar New Hampshire, kuma duk manoma ne masu masara da dankali da tumaki. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa itacen wuta ba. Makaranta suka rasa. A rubuce su mutanen Wendover ne, makarantar Wendover kuwa mil bakwai ce ta kan dutse, ga shi da hunturu ake buɗe ta, lokacin da ƙanƙara ke toshe hanya. Ta garin Tamsbury tana nan kusa, har ana jin ƙararrawarta daga gonar Jotham Kittredge, amma ba ta karɓar 'ya'yan wani gari. Iyakar gari kuma ba mai matsar da ita sai majalisar jiha.

Keziah, 'yar Jotham, shekararta goma sha ɗaya. Uwarta ta koya mata karatu da rubutu, iyakar abin da ta sani ke nan. Yarinyar na son lissafi, tana son ta ga taswira da idonta. An riga an gama magana cewa idan ta cika sha uku za ta koma gidan wani masaƙi ta kama aikin kaɗi, kamar yayyenta. Hunturu biyu suka rage mata.

Wendover da maƙwabcinsa Orne ƙananan garuruwa ne, kujera ɗaya suke rabawa a majalisa, bana wannan, baɗi wancan. A shekarar da ake labari juyin Wendover ne. A taron gari na watan Maris mai injin niƙa da mai kanti suka raba kan jama'a wajen neman kujerar, kowa ya ƙi janyewa, da aka gaji sai aka ɗauko Jotham, don ba shi da abokin faɗa. Tun kafa garin ba a taɓa aika mutumin bayan dutse ba.

Takardu biyu doka ta nema, kuma Keziah ce ta rubuta su, don hannunta ya fi na uban kyau. Ɗaya koke ne, na roƙon a yanke gidajen nan biyar a haɗa su da Tamsbury. Ɗayar sanarwa ce, wadda za a damƙa wa shugaban dattawan Wendover hannu da hannu kafin majalisa ta zauna, don garin ya san za a rage shi, ya shirya amsarsa.

Shugaban dattawan shi ne Peleg Dimond, maƙeri, abokin Jotham tun suna kiwon tumaki. Ranar da suka je maƙera, Keziah na tsaye ta ga uban ya sa hannu a aljihun kwat, ya daɗe, ya fito da shi ba komai. Da baki ya yi bayani, tiryan-tiryan. Peleg ya saurara, ya ce garin ba zai so ba, amma shi dai ba zai tare wa yara hanya ba. Suka sha ruwan tuffa, suka rabu.

A hanya ta tambaye shi takardar.

"Tsakanina da Peleg babu takarda," in ji shi. "Wanda ba ka yarda da shi ba ake miƙa wa takarda. Mutumin da ya haƙa kabarin ubana zan tsaya a gabansa kamar ɗan aiken kotu?"

Ita ma a lokacin gani ta yi maganar ta yi daidai.

Watan Yuni suka tafi Concord tare, inda majalisar jiha ke zama, suka sauka gidan Gwaggo Orpha, yayar Jotham, wadda ke saukar da 'yan majalisa. Su tara ne a teburinta, yawanci manoma, sai likita ɗaya da wani mai masauki. Babbansu Kyaftin Zebulon Frye, shekararsa goma sha ɗaya garinsu na maido shi. Tun cin farko ya sa wa Jotham suna Sarkin Bayan Dutse.

"Sarki, bari in gaya maka aikin sabon shiga," ya ce, yana ɗiban wake. "Satin farko neman kujerarsa yake, sati na biyu neman hularsa. Kafin ya same ta an tashi."

Amma tsohon yana da kirki. Da ya ji abin da ya kawo su, sai ya jera wa Keziah gutsattsarin burodi a kan tebur yana nuna mata tafiyar: a karanta koke a zauren majalisa, a tura wa kwamiti, kwamiti ya mai da shi ƙuduri, a karanta sau uku a ranaku uku, a haura da shi majalisar dattawan jiha mai mutum goma sha biyu, sannan gwamna. Duk a cikin sati uku, don ciyawa ta isa yanka kuma hankalin kowa na gona. Ranar da aka gabatar da koken, daga benen masu kallo ta ga ubanta ya miƙe, ya karanta rubutunta a gaban mutum sama da ɗari. Aka tura wa kwamiti.

Kwamitin ya zauna ranar Talata da hantsi a ɗakin sama na Gwaggo Orpha, mutum biyar, har da Kyaftin. Shugabansu lauya ne, Abiel Thorne. Aka ba Keziah kujera kusa da uban, don a ga irin yaran da ake magana a kansu. Wendover ta aiko mai injin niƙa ya yi jayayya, Peleg kuma ya zo a matsayinsa na shugaban dattawa. Jotham ya yi bayanin mil bakwai da ƙanƙara, ya ce yara goma sha huɗu ne. Thorne ya duba koken, ya tambayi wanda ya rubuta, da aka nuna masa yarinyar ya gyaɗa kai. Keziah ta ga alamar sun yarda.

Sai mai injin niƙa ya ce shi tambaya ɗaya gare shi: an miƙa sanarwa?

Jotham ya ce ya sanar da Peleg tun watan Afrilu. Thorne ya juya ga maƙerin, ya tambaye shi ko takarda ta shiga hannunsa.

"Ka tuna da kyau, maƙeri," in ji Kyaftin, yana kallon rufin ɗaki. "Wataƙila an ba ka, ka hura wuta da ita. Ku ai kowace takarda makamashi ce."

Aka yi dariya kaɗan. Peleg bai yi ba. Ya dubi Keziah, ya sunkuyar da kai.

"Ya faɗa mini komai, ranka ya daɗe, bai ɓoye ko kalma ba. Takarda dai ban gani ba."

Thorne bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yarda da su duka biyun, amma doka ba ta san abin da aka faɗa a maƙera ba. In aka yanke gari yau a kan maganar baki, gobe wani zai yanke wani garin ya ce ai ya faɗa. Kwamiti ya ba da umarni a miƙa sanarwa yadda ya kamata, a ɗage koken zuwa zaman baɗi. Washegari zaure ya amince, ba a ko tsaya muhawara ba.

Kyaftin ne ya gaya wa Jotham sauran gaskiyar a bakin matakala, Keziah na ji. Baɗi kujerar ta Orne ce, mutumin Orne kuwa ba shi da ɗa ko jika a bayan dutse. Koken da ba mai tashi ya kira sunansa, a akwatin magatakarda yake kwana. Sai dai in juyi ya dawo Wendover, in kuma manyan garin sun sake faɗa.

Jotham ya zauna sauran kwanakin, ya jefa ƙuri'a a kan gadojin wasu da hanyoyin wasu. Ranar Asabar da aka tashi suka kama hanyar gida a keken doki. Sun wuce gari sosai kafin ya yi magana.

"Kezi, ba mantawa na yi ba."

"Na sani, Baba."

"Kunyarsa na ji. Ban yi tunanin kuɗin kunyar a kanki zai faɗa ba."

Ta tambaye shi ko zai sake tsayawa in juyi ya dawo. Ya ce zai gwada, ko don ƙannenta. Ta lissafa a yatsunta a ƙarƙashin mayafi, yadda ba zai gani ba: baɗi Orne, baɗin baɗaɗa Wendover, kuma majalisa sai Yuni. A nan ta gane cewa ko an matsar da iyakar, ita tana gidan masaƙi, ba za ta shiga makarantar ba.