Koren Fitilu Don Mai Hoto

Tun da aka kafa cibiyar nan ta ajiye bayanan kwamfuta ba a taɓa yin kuskure a cikinta ba. Darakta ya sha faɗin haka, kuma yana da digiri uku da ke rataye a bango suna ba shi shaida.

Injiniya ce ke riƙe da sashen sadarwa, amma a matsayin muƙaddashiya. Ta daɗe a haka har ƙannenta sun koma kiranta Anti Wucin-gadi. Yau, wajen bikin ƙaddamar da sabuwar na'ura, aka yi alkawarin tabbatar mata da kujerar. Mijinta ma ya ɗauko yara daga makaranta, suna jira a mota.

Aikin ba wuya gare shi ba. A babban ɗakin mai sanyi akwai layukan akwatunan kwamfuta, inda asibitoci da kamfanonin mota ke ajiye bayanansu. Kowane akwati yana aika saƙonninsa ta manyan na'urori biyu na tsakiya, waɗanda ake kira ƙashin baya. Hanya ta yi cunkoso, aka sayo ta uku. Ƙa'idar guda ce: sabuwa za ta zauna shiru sai an ja mata waya zuwa kowane akwati. In aka buɗe ta kafin nan, za ta yi shelar ta san hanyar ko'ina, kamar yadda aka tsara wa yayyenta, ta karɓi rabonta na saƙonni, ta zubar da duk wanda ba ta da hanyar kai shi. Rabin akwatunan kuwa ba a haɗa ba tukuna, don wayoyin sun iso a makare.

Injiniya ta bayyana wannan a taro har muryarta ta dushe. Darakta ya gyaɗa kai, ya tambayi wane launin ƙyalle za a yanka.

Bayan azahar manyan baƙi suka shigo, kowa ya rungume hannu saboda sanyi. Mai hoto ya leƙa ta madubinsa, ya yi tsaki, ya ce fitilun sabuwar na'urar a mace suke, hoton zai fito kamar na firij. Mataimakin Darakta, wanda ma'aikata ke kira An-gama saboda ba shi da wata amsa sai wannan, ya matso ya raɗa wa Injiniya ta kunna su.

“Ba zan kunna ba,” ta ce. “Na gaya muku dalili.”

“Haba 'yar'uwa, na ɗan lokaci ne. Ke komai sai kin mai da shi jarabawa.”

“Yallaɓai, bayanan marasa lafiya ne ke bi ta nan.”

Ya yi mata murmushin da ake yi wa mai taurin kai, ya koma gefe da kwamfutarsa. An-gama ma injiniya ne, ajinsu ɗaya a jami'a, kuma yana da kalmar sirri irin tata. Ya san abin da zai faru sarai, sai dai ya san wanda ke kallonsa. Almakashi na taɓa ƙyalle, fitilu suka yi kore shar. Aka tafa.

Ba a gama tafi ba wayoyin tarho suka fara kuka. Wani asibiti ya ce sakamakon gwajin jini yana zuwa rabi-rabi. Tashar mota ta ce fasinjoji sun cika harabarta, tikiti ya ƙi fita. Injiniya ta zabura. Ta ratsa baƙi, ta taka wa wani babba ƙafa ba ta ce yi haƙuri ba, ta rufe na'urar. Fitilu suka mutu, wayoyi suka lafa. Mai hoto ya ce ba komai, ya riga ya samu abin da yake so.

A ofis Darakta ya zauna ƙarƙashin digirorinsa, ya tuna musu tsarin gidan: kowane aiki yana da mai shi, kuma wannan aikin na Injiniya ne. Ta ce na'ura tana riƙe sunan wanda ya buɗe ta, a duba. Ya ce shi ba ya son tone-tone tsakanin 'yan'uwa, gyara ake nema. An-gama ya amince. Batun kujera kuwa, hankali ba zai ɗauka a yi shi yau ba. Za a duba nan gaba. Sannan ya roƙe ta, tunda ita ta fi kowa sanin aikin, ta ƙarasa haɗa wayoyin kafin ta tashi.

Ta fito wajen mota. Mijinta ya sauke gilashi yana washe baki, ƙaramar 'yarsu riƙe da furen roba.

“To, Maman yara, mu fara cewa ranki ya daɗe?”

“Ku wuce gida, Malam. Akwai sauran aiki.”

Ya dubi fuskarta. Ta karɓi furen, ta soke shi a aljihun rigar aiki, ta koma ɗakin sanyi ta durƙusa gaban akwatin farko.