Kofi Biyu a Gaban Alƙali

Lauyan kamfanin ya ɗaga kwalbar lemon sama, sai ka ce shi ya shuka mangwaron.

"Shekara arba'in, ranka ya daɗe, ɗanɗanonmu bai canza ba. Matar nan ta kwaikwayi tambarinmu, mangwaro da ganye biyu, ta manna a kan jagwalgwalonta tana ɓata mana suna."

Matar, mai sayar da lemo a bakin tasha, ta sunkuyar da kai. Ko lauya ba ta da shi.

Mai haɗin lemon kamfanin yana zaune a benci, cikin rigar da aka ara masa da safe. Shi ya dama tukunyar farko tare da marigayi mai kamfanin, lokacin da ake zaɓen mangwaro ɗaya bayan ɗaya da hannu. Yanzu ɗan marigayin ke riƙe da wurin, mutumin da bai san nunanne da ɗanye ba, sai iya ɗaura agogo. Jiya ya kira shi ofis.

"Baba, ka nuna namu kawai ka yi shiru. Ka tuna a gidan kamfani kake zaune da jikokinka."

Yau a kotu aka ajiye masa kofi biyu marasa alama, ɗaya lemon kamfanin, ɗaya na matar, don ya ɗanɗana ya nuna na kamfanin. Lauyan ne ya kawo wannan dabarar, yana ta murmushi tun kafin a fara.

Mai haɗi ya kurɓi na farko: sukari, kala, da ƙamshin da ake sayowa a jarka. Ya kurɓi na biyu, ya daɗe bai haɗiye ba. Har zaren mangwaro ya maƙale masa a haƙori. Rabonsa da wannan ɗanɗano tun ranar da aka rufe ɗakin matse mangwaro na kamfanin. Kunya ta kama shi, takaici ya biyo baya.

"Na farkon ne namu."

Ɗan marigayin ya gyara zama, lauyan ya fara tattara takardu. Da an tsaya a nan, da kowa ya tafi gida lafiya. Sai alƙalin ya sauke tabarau.

"Baba, ta yaya ka gane?"

Ɗan marigayin ya kafe shi da ido. Tsohon ya san inda zai kwana ya rataya a kan amsar, amma bakinsa ya gaji da ƙarya.

"Abin ba wuya, ranka ya daɗe," ya ce. "Na biyun akwai mangwaro a ciki."

Magatakarda ya rubuta, bai bar ko kalma ɗaya ba.