Jirgin da Ke Bangon Baba Malachi

Tun a bakin ƙofa Filomina ta ja wa Manasseh kunne: idan babanta ya sauko da hoton jirgin nan na bango, ya ce "Kai!" kawai, ya ja bakinsa ya yi shiru.

To, Manasseh makanikin jirage ne a sojan sama a Kaduna, kuma irin mutanen nan ne da ko fasto ya yi kuskuren lambar waƙa sai sun ɗaga hannu. Ya zo Keffi gaida iyayen yarinyar da yake mutuwar son ya aura.

Ba a gama gaisawa ba Baba Malachi, tsohon sojan da ya yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama, ya ciro hoton daga bango ya goge shi da hannun riga. Ga shi nan yana saurayi, siriri kamar tsinke, ya dogara sanda a gaban wani ƙaton jirgi. Duk Angwan Iya an san da jirgin nan aka yi wa Japanawa ruwan wuta. Wasu ma cewa suke Baba ne ya tuƙa, shi kuwa bai taɓa wahalar da bakinsa ya ƙaryata ba.

"Kai!" in ji Manasseh. Ya kalli rufi, ya kalli takalminsa. Ina, abin ya fi ƙarfinsa.

"Baba, ai wannan Dakota ne. Ba ya ɗaukar bam. Shinkafa da magani yake jefa wa sojoji a daji, ya kwaso masu rauni. Haruffa biyun nan na gefensa alamar rundunarsa ce, na ukun kuma nasa ne shi kaɗai."

Filomina ta dafe kai ta fice. Baba ya ƙura wa hoton ido, har Manasseh ya fara hango kansa a tasha, zai koma Kaduna tuzurunsa.

"Yaro, kana nufin da haruffan nan za a iya gano wanda ya tuƙa shi?"

"Idan aka rubuta Ingila aka tambaya, mai yiwuwa ne, Baba."

Tsohon ya naɗe ƙafar wando. Wani tabo ne ya taso daga gwiwa har idon sawu.

"A kwance aka saka ni cikinsa, ban san inda kaina yake ba. An ce ana harbi, matuƙin ya sauka ya kwashe mu. Da na warke na roƙa aka ɗauke ni hoto a gabansa. Shekara talatin ina nuna wa mutane, kowa sai yabona yake, ba wanda ya taɓa gaya mini komai a kansa. Ni kuwa ko sannu ban yi wa bawan Allahn nan ba."

Tausayi ya kama Manasseh.

Baba ya share ido, ya ɗora masa hoton a cinya.

"Ka ce wa manyanka su zo. Amma ka fara samo mini sunansa tun ina da rai."