Hoton da Ya Riga Inna

Da likita ya ce a yi mata hoto saboda tarin da ke damunta, Inna ta ci ado har da sarƙa. Sai ga shi mai hoton ya ce ta cire sarƙar, ya jingina ƙirjinta da wani faranti mai sanyi, ya ruga bayan bango ya leƙo ta taga.

Ta waiga, babu kowa a ɗakin sai ita da injin.

"Ɗan nan," ta ce, "in abin ba ya cutarwa, gudun me kake yi?"

"Haske ne, Inna, amma ido ba ya ganinsa. Yana ratsa tsoka, ƙashi ne ke tare shi. Ke sau ɗaya zai taɓa ki, ni kuwa kullum ina nan. Riƙe numfashi!"

Ta riƙe, tana salati a zuci. Ba ta ji komai ba, wannan ya fi tsorata ta.

Da aka nuna mata hoton, ta nemi fuskarta ta rasa. Haƙarƙari ne kawai, fari fat.

Ta damƙe hannun 'yarta da ta rako ta. "Rufe shi. Wannan ba ni ce ta yau ba, ta gobe ce."