Takardar da Za a Karanta a Fada

Gari ya waye ban runtsa ba. Tambaya ɗaya ce ta kwana tana nuƙurƙusata: shin mutum zai faɗi abin da ya iya da bakinsa, kuma ya ci gaba da zama ɗan mutunci?

Na dawo Dutse daga makarantar boko ta Kano da ilimin awon ƙasa, amma ban sami aiki ba. A shekarun nan ake shimfiɗa hanyar jirgi ta wajen Taura, dagaci kuma yana ɗibar namiji ɗaya daga kowane gida don ɗaukar ƙasa a kwando. Yayana ya je bara, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba sai a kabari. Bana ni ne a layi. Ma'aikacin En'e kaɗai ba a taɓawa, ga shi kuwa En'e tana neman malamin awon gonaki, kuma wani Bature ne zai zaɓa.

Sau biyu na rubuta takardar neman aikin, yadda aka hore mu da yi wa manya magana: ni talaka ne, ban san komai ba, sai abin da aka ga dama aka yi mini. Sau biyun duka shiru.

Malam Mika'ilu, magatakardan Hakimi, shi ya ja ni gefe jiya bayan La'asar.

"Uwaisu, Baturen nan bai san kara ba," in ji shi. "Ka ce ba ka san komai ba, shi kuwa ya yarda da kai. Rubuta masa abin da ka karanta, da inda ka yi awo, da wanda ka fi. Jibi zai tashi rangadi, daga nan an rufe."

"Malam, ai kai za ka karanta ta a fada."

"Da ƙarfi kuwa. Takarda ba ta isa hannun Bature sai Hakimi ya ji ta."

Nan gizo yake saƙa. Mahaifina na'ibin liman ne, wurin zamansa a fada sananne ne, kuma tun ina ƙarami abin da nake ji a bakinsa shi ne yabon kai jahilci.

Da hantsi na iske kakata Zinariya tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ta dube ni ta taɓe baki.

"Angon ƙarya, wa ya mutu? Ido kamar garwashi."

Na gaya mata komai.

"To ɗauko maroƙi mana, ya shige gabanka yana kirari, kai kana sunkuyar da kai."

"Iya, ba wasa nake ba."

"Ni ma na daina." Ta ajiye mazarin. "Ubanka zai ji kunya, wannan babu makawa. Watakila ya yi wata bai amsa gaisuwarka ba. Na san halinsa, ni na goya shi. Amma ni ba ni da sauran hawayen da zan yi wa wani jikan."

Na koma ɗaki na fere alƙalami. Kalmar farko ta fi kowace nauyi. Na rubuta cewa na iya awon gona da takun ƙafa da igiya. Na rubuta cewa na yi awo a ƙasar Kiyawa tare da malaminmu, ba a sami kuskure a lissafina ba. Na rubuta cewa ni na zo na ɗaya a ajinmu. A nan na tsaya, don na ji jimlar da muryar Malam Mika'ilu, na kuma hango rawunan dattawa suna juyawa wajen mahaifina. Na ɗaga alƙalami zan soke ta. Na daɗe a haka kafin na mayar da shi cikin tawada, na sa sunana a ƙasa.

Ana gama sallar Azahar na nufi fada. Na cire takalmi a ƙofar zaure, na durƙusa na yi gaisuwa, na miƙa wa Malam Mika'ilu takardar da hannu biyu. Akwai wuri a bakin ƙofa, inda mutum zai iya sulalewa ba a lura ba. Na wuce shi, na je na zauna a bayan mahaifina, na jira a fara karantawa.