Ranar da Itacen Bikan Ya Ƙare

Shekara tara ke nan da iƙamar mijina Awwalu, mutumin Chadi, ta mutu, tawa ma haka. Duk wanda ke zaune a Makka ba takarda ya san ƙa'ida: kada ya yi abin da zai kawo 'yan sanda ƙofarsa. Ranar da suka tambayi iƙama, sai gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora, daga nan sai jirgi. Awwalu kuwa burinsa ɗaya ne, in ya mutu a yi masa salla a Harami a binne shi a garin nan. Shi ya sa yake gadin wani bene a unguwar Rusaifa, yana haɗiye wulaƙanci kamar tuwo. Ni ba haka Allah ya yi ni ba, amma ina ƙoƙari.

Rakan ɗan mai gidan ne. Kakansa Bakano ne, amma shi Hausar bakinsa kame-kame ce. Bara ya sayo na'urar banda nama mai aiki da lantarki, baƙa, kamar ƙaramin firij, ya girke ta a tsakar gida dab da tagarmu. A ƙasanta akwai kaskon ƙarfe da ake zuba gutsattsarin itace, zafi ya riƙa cinsu a hankali, hayaƙin yana ratsa naman. Kuma ba kowane itace ba, sai na wata bishiya mai suna bikan, wanda ake aiko masa daga Amurka a leda. Ƙamshin dai akwai daɗi, zaƙi-zaƙi kamar ana soya gyaɗa. Mu da muka taso muna banda da kirare, sai ga shi abin ya zama ilimi, har da allurar auna zafi.

Wata Asabar ya saka naman ƙirjin bijimi a na'urar tun asuba, ya gayyaci abokansa cin abincin yamma. Da hantsi ya zazzage ledar, ko cikin hannu ba ta ba shi ba. Ya yi waya nan, ya yi waya can, kowa ya ce sai jibi. Ya zaro kaskon ya dangwarar a ƙasa yana hayaƙi, ya shiga sito ya fito da zarto.

A kusurwar gidan akwai magarya. Ba wanda ya shuka ta, da kanta ta tsiro ta tsagar bango. A cikin iyakar Harami kuwa ko yaro ya san ba a sare irin wannan. Rakan ma ya sani, naman ne ya rufe masa ido.

Awwalu ya je ya tsaya tsakaninsa da bishiyar.

“Ɗana, wannan haramun ne. Kuma ɗanyen itace ɗaci zai sa wa namanka.”

“Matsa, ya Ammi,” ya ce, wato baffa da Larabci. “Gidanmu ne.”

“Gidanku ne. Ita kuwa ba taku ba ce.”

Marin farko na ji shi daga kicin. Kafin in fito ya ƙara masa biyu. Tsoho mai shekara sittin da uku, ya mai da hannuwansa baya ya sarƙe su, don kada su ci amanarsa. Wannan ne ya ƙara haukata Rakan. Ya kai masa naushi a baki, ya shure shi a ciki, da ya faɗi ya juya zarton ya maka masa ƙotar a goshi. Jini ya rufe wa Awwalu ido ɗaya. Ya miƙe da ƙyar, ya koma ya jingina da magaryar, hannuwansa a baya har yanzu.

“Asma'u, koma ciki,” ya ce mini.

Wallahi na so in koma. Amma sai Rakan ya ɗaga zarton, wannan karon ta wajen haƙoran. Na naɗe hannuna da gefen mayafi, na suri kaskon nan na manna masa a kunci da duk ƙarfina. Na ji fatarsa ta yi cuu. Ya kurma ihu ya zube yana birgima, garwashi ya watsu a wuyan rigarsa. Ba zan yi ƙarya ba, a wannan daƙiƙar daɗi na ji.

Sai tagogin bene suka fara buɗewa. Wata mata tana ihun a kira shurɗa, wato 'yan sanda, wani yana cewa ai ya kira. Ba wanda ya ga bugun, ihun ne ya leƙo da su. Rakan kansa yana kife, ba ya gane gabansa, bai ma ga wanda ya ƙona shi ba.

Awwalu ya dubi kaskon a ƙasa, ya dubi hannuna da ko tabo babu. Ya sunkuya ya ɗauke shi da tafin hannunsa, ba tsumma ba komai, ya damƙe. Ya cije leɓe, hawaye na bin jinin fuskarsa, bai saki ba sai da na jiyo ƙaurin hannunsa.

“Malam, saki! Ni ce na...”

“Rufe mini baki. Fita ta ƙofar baya, ki tafi wajen 'yar'uwarki a unguwar Shisha.”

“Za su mai da kai Chadi!”

“Na sani.”

Ya wuce bakin ƙofa ya zauna a kujerarsa ta gadi, ya shimfiɗa hannun a kan gwiwa, a buɗe, yadda duk wanda ya sauko daga motar 'yan sanda zai fara ganinsa.